Horon Sanin Makamar Aiki: Damar da Matasan Kura da Bunkure Ke Tsallakewa a Ƙofar Gida

Duk shekara, idan lokacin fita horon sanin makamar aiki ya zo, ɗalibai 'yan asalin Kura da Bunkure da Garun Malam da ke karatu a Wudil ko Dambatta ko Jami'ar Bayero sukan karɓi takardar gabatarwa daga makaranta, sai su nufi cikin birni neman gurbi. Wani kawunsa ne zai yi masa hanya a Sakatariyar Audu Bako, wani kuma ya lallaɓa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda zai shafe wata huɗu ko shida a kan benci, ana aikensa kai fayil da sayo ruwan leda. Motar da take kai shi tana dawo da shi kuwa kullum sai ta ratsa ta tsakiyar dubban hekta na shinkafa da alkama da tumatir. Da yawa daga cikin waɗannan yara aikin gona ko injiniyanci suke karantawa, wato abin da ake yi a filin da suke hange ta tagar mota.

Tsarin da ke fitar da su daga aji shi ne wanda ake kira SIWES, ɗalibai kuma suka fi saninsa da IT. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya ƙirƙiro shi a 1973, saboda ƙorafin da masu masana'antu ke yi cewa ana yaye musu yara masu takarda amma hannunsu bai taɓa riƙe kayan aiki ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi kuma wata huɗu. Wanda ya gama ƙaramar difloma yana da ƙarin shekara guda ta aiki kafin a karɓe shi a babbar difloma. Masu digirin aikin gona su ma a cikin shekaru biyar ɗinsu akan ware musu ta huɗu domin aiki a gona. Makaranta ke ba ɗalibi takarda da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, wanda ke kula da shi a wurin aiki ya sa hannu duk mako, malami daga makaranta ya zo duba shi, a ƙarshe ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai. Akwai ɗan alawus daga gwamnatin tarayya, wanda ya daɗe a kan naira 2,500 a wata, kuma ɗalibai da dama sai sun manta da shi sannan yake shigowa. Duk wanda ya fita IT don wannan kuɗi ya yi lissafin dokin rano.

Waɗanda suka riga suka gama karatu suna neman aiki, su ma gwamnatoci sun sha buɗe musu ƙofa. Tun 1986 aka kafa hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, kuma tana da shirin tura masu digiri da difloma wuraren aiki na ɗan lokaci, da na haɗa matasa da masu sana'a su koya. A 2012 gwamnatin Jonathan ta fito da shirin GIS a ƙarƙashin SURE-P, inda kamfani zai ɗauki matashi shekara guda, gwamnati ta biya shi. A 2016 gwamnatin Buhari ta kawo N-Power mai biyan naira 30,000 a wata. Rukunin farko ya ɗauki mutum 200,000, na biyu 300,000, kuma a cikinsa akwai reshen N-Agro da aka tsara domin matasa su zama mataimakan malaman gona. A watan Oktoba na 2023 aka dakatar da shirin domin bincike, a daidai lokacin da masu cin gajiyarsa da yawa ke kukan ana riƙe musu kuɗin watanni. A 2021 kuma aka ƙaddamar da shirin Jubilee Fellows tare da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai tura waɗanda suka gama bautar ƙasa kamfanoni na wata goma sha biyu, wanda ya fara da naira 100,000 a wata. Ita kanta bautar ƙasar, da Gowon ya kafa a 1973, tun 2012 aka shigar mata da koyar da sana'o'i.

Wanda ya dubi wannan jeri da kyau zai ga cewa shirye-shiryen da aka ɗora a kan doka da manhajar karatu, irin su SIWES da bautar ƙasa, sun haura shekara hamsin suna nan. Waɗanda gwamnati mai ci ta kawo da sunanta kuwa, galibi tafiyarta ce tafiyarsu. Matasa da dama sun ɗauki N-Power a matsayin aikin gwamnati, har wasu suka yi aure a kan naira dubu talatin ɗin, alhali tun farko wa'adi aka yanka masa. Da wa'adin ya cika, wanda ya yi amfani da lokacin ya koyi wani abu ya fita da abin yi, wanda ya riƙa zuwa sa hannu kawai ya koma inda ya fito. A ganina laifin ya rabu biyu: gwamnati ba ta sa ido sosai a kan inda ta tura mutane ba, su kuma matasan da yawansu saƙon banki suke jira, ba koyo ba.

To mene ne ake da shi a yankin Kura da Bunkure? A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa ke biyo babbar magudana, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, ya bi ƙananan magudanai har bakin gonar manomi, duk da gangara, ba tare da injin turawa ba. An tsara kashin farko na wannan aikin noman rani ya shayar da kimanin hekta 22,000, kodayake ba duka aka kai ga shimfiɗawa ba. Hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta cibiyar binciken aikin gona (IAR) ta Jami'ar Ahmadu Bello. A nan Kadawa ɗin ne kuma kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, wadda ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir da saɓanin farashi da manoma. Wannan kaɗai darasi ne babba ga ɗalibin tattalin arzikin noma. Ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a kan titin Zariya, ga injinan casar shinkafa birjik a garin Kura, ga malaman gona na hukumar raya noma ta jihar Kano, wato KNARDA. Sannan daga 2014 Bankin Duniya ya zuba kusan dala miliyan 500 a shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, har da wannan na ruwan Tiga, kuma shirin ya ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, aka ɗora musu nauyin kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa.

A ɗauki ɗalibin injiniyancin noma da aka haɗa shi da mai kula da ƙofar ruwa na wani sashe. Da asuba zai bi shi bakin magudana, ya ga yadda ake murza ƙarfen ƙofa ta ɗaga, a karanta tsayin ruwa a jikin ma'aunin da ke kafe a bango, a rubuta. Zai ga manomi ya nitsa lanƙwasasshen bututu cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya tsallakar da shi kan kunya ya saki, ruwa ya kama zuba cikin gona da kansa. A aji an zana masa wannan a allo da lissafinsa, amma ranar farko da zai gwada sai iska ta shige masa sau da yawa, yaran manoma suna yi masa dariya. Zai kuma gane dalilin da ya sa na ƙarshen magudana ke zuwa da faɗa: na sama ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, ko yashi da kacalla sun cushe hanya, ko wani ya fasa gefen siminti da dare ya ja ruwa zuwa gonar da ba ta cikin tsari. Rabon ruwa rabinsa lissafi ne, rabinsa sulhu tsakanin mutane, kuma babu littafin da ke koyar da yadda ake shawo kan dattijon da alkamarsa ke ƙishi.

Ɗalibin ilimin tsirrai shi ma yana da nasa. A 2016 ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ya yi wa tumatirin Kano da Kaduna da Katsina mummunar ɓarna, har farashi ya yi tashin gwauron zabi a faɗin ƙasa. Tsutsarsa a cikin naman ganye take shiga ta yi ta ci, ta bar wani farin tabo mai kama da takarda. Idan ka ɗaga ganyen ka saita shi da rana za ka hango ta a ciki da ɗigon baƙin kashinta. Yaron da ya koyi gane wannan tabo da wuri, ya san amfanin tarkon da ke janyo mazan ƙwaron, ya kuma san cewa nacewa a kan maganin feshi iri ɗaya shi ke sa ƙwaro ya daina jin magani, manoma da kansu za su riƙa nemansa a waya, kuma dillalan iri da magani irinsa suke ɗauka aiki. Haka wanda ya zauna a injin casa ya ga yadda ake jiƙa shanshera a turara ta a shanya, ya fahimci cewa shanyar da ta wuce kima ita ke sa shinkafa karyewa a inji, ya iya lissafin abin da buhu ke bayarwa bayan an cire dusa da tsakuwa, ya riga ya kama bakin sana'a.

Kada a ɗauka masu karatun gona kaɗai abin ya shafa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna buƙatar wanda ya iya riƙe littafin kuɗi da rajistar gonaki. Masu injin casa suna fama da lantarki da gyaran mota mai juya inji. Famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana suna ƙara yawa a gonakin da ke wajen magudana tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, kuma masu iya haɗa su da gyara su ba su wadata ba. 'Yan mata da iyayensu ba sa son su yi nisa, ga harkar turara shinkafa da busar da tumatir da ke hannun mata a cikin gidaje, wadda ɗalibar kimiyyar abinci za ta koya daga gare ta, ta kuma kawo gyara a wajen tsafta da adanawa.

Akwai cikas, ba za a ɓoye ba. Na farko shi ne raini. Yaron da ya tashi yana korar jan-baki a gonar shinkafar babansa gani yake ya je jami'a ne don ya rabu da taɓo, kuma iyaye ma sukan fi jin daɗin a ce ɗansu yana ofis. Na biyu, makaranta ba ta karɓar kowane wuri. Tana son ma'aikata ko kamfani mai rajista, mai hatimi, da wanda zai tsaya a matsayin mai kula da ɗalibi. Saboda haka gonar maƙwabci ba za ta wadatar ba, sai dai a nemi gurbi ta ofishin hukumar kogin, ko tashar Kadawa, ko KNARDA, ko wani kamfanin shinkafa ko na iri, daga nan a roƙa a tura mutum fili. A fara tuntuɓar jami'in SIWES na makaranta kafin a kai takarda ko'ina. Na uku shi ne lokaci: alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake son shuka ta don ta samu sanyin hunturu, tumatir kuma kakarsa a cikin rani take. Wanda horonsa ya faɗo a damina shinkafa da masara zai tarar, sai ya tsara abin da zai koya daidai da haka.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta cike littafin aiki a dare ɗaya. Ɗalibi ya kwashe watanninsa a gida ko a kasuwa, idan an kusa komawa ya ari littafin wanda ya gabace shi ya kwafe, ya nemi wani ya buga masa hatimi. Malaman da suka san aikinsu tambaya ɗaya ta ishe su su gano shi: kwana nawa irin shinkafa ke yi a wurin reno kafin a dasa? Ya kamata ma'aikatun da ke karɓar ɗalibai su daina buga hatimi ga wanda ba su gani ba, makarantu kuma su ba malamai kuɗin mota su je dubawa da gaske, domin ziyarar da ake yi ta waya ba ziyara ba ce.

Ga masu jiran a buɗe sabon shiri na gwamnati, yawancinsu yanzu ta intanet ake cikewa, kuma abin da ya fi kayar da mutane ƙaramin abu ne: sunan da ke kan lambar NIN ya saɓa da na BVN, ko ranar haihuwa ta bambanta da ta takardar makaranta. A gyara wannan tun kafin a buɗe shafi, don idan an buɗe, layin gyara ya fi na cikewa tsawo. A ajiye hoton takardar kammala karatu da ta bautar ƙasa a waya, a riƙe lambar waya ɗaya da imel ɗaya. Waɗannan shirye-shirye kyauta ake neman su, don haka duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Facebook yana cewa a biya kuɗin fom, ko a ba shi lambar sirri ta katin banki zai saka suna, ɗan damfara ne. In an samu shakka a je ofishin NDE ko na ITF da ke Kano a tambaya ido da ido. Idan kuma Allah ya sa an dace, aka ba da zaɓin wurin aiki, a rubuta inda ake taɓa ruwa da ƙasa da inji, sannan tun makon farko a nemi sanin wanda zai sa hannu a takardar shaidar abin da aka koya, domin ita kamfanoni ke tambaya idan wa'adi ya ƙare.