Mutum nawa kwamin ninƙaya na gida zai iya ɗauka ranar walima?

A Maitama da Asokoro a Abuja, ko Nasarawa GRA a Kano, kwamin ninƙaya a bayan gida ya daina zama abin kallo. Har gidajen da ake haya na kwana ɗaya ko biyu da shi suke jawo kwastoma. Idan zafin Afrilu ya kankama, ko an yi Sallah, ko yaro ya gama makaranta, sai a gayyaci dangi da abokai. Uwargida za ta ƙiyasta mudun shinkafa da kaji da kujeru, ba abin da zai kuɓuce mata. Ruwan da yaran za su faɗa kuwa, da wuya ka ji an tambayi mutum nawa zai ɗauka.

Alhali akwai lissafi, kuma ba shi da wuya. A Birtaniya hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki tana farawa ne da murabba'in mita 3 ga kowane mutum ɗaya. Masana tsaftar ruwan ninƙaya na can sun ƙara rarrabewa bisa zurfi: inda ruwa bai kai mita 1 ba, mutum ɗaya na buƙatar murabba'in mita 2.2, daga mita 1 zuwa 1.5 sai 2.7, inda ya zarce haka kuma 4. Dalili a fili yake. Wanda ke tsaye a kan ƙafarsa wuri kaɗan ya ishe shi, mai iyo kuwa dole ya miƙe hannu ya harba ƙafa. Ɗauki kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, wato murabba'in mita 32. Idan rabinsa ya tsaya a ƙirjin babba, zai ɗauki mutum 6 da ƙyar, rabin mai zurfi kuma 4. Goma ke nan. Ƙa'idar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara fitarwa a 2014 ta fi sassauci, domin da ita wannan kwamin zai kai mutum 17.

Ni dai ba na ba kowa shawarar ya kai ko goman. An yi waɗannan alƙaluma ne domin wuraren ninƙaya na jama'a, masu ma'aikatan ceto da manyan injinan tace ruwa da masu auna ruwan a kai a kai. Gida ba shi da ko ɗaya. Kuma awon bai san cewa bakwai cikin goman yara ne 'yan firamare da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce baho ba. Bai san an jefa wata ƙatuwar katifar iska da ta rufe kwata ɗin ruwan ba, ko cewa samari suna sheƙo gudu suna tsalle. Mai tsalle ɗaya yana cinye wurin mutum da yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a birnin New Orleans na Amurka a 1985. Hukumar wasanni da shaƙatawa ta birnin ta shirya walima a bakin kwami, ana murnar an gama kakar zafi babu wanda ya nutse a wuraren ninƙayarta. Mutum kusan 200 suka halarta, fiye da rabinsu ma'aikatan ceto ne, huɗu suna bakin aiki. Da aka tashi ana fitar da mutane, sai aka ga wani baƙo ɗan shekara 31 a ƙasan ruwa, a gefen zurfi, da kayansa a jikinsa. Ya riga ya rasu. Idanu sun yi yawa a wurin, amma kowa ya ɗauka wani na kallo. Haka yake a gidajenmu: gwaggo na ganin uwar yaro na nan, uwar ta ga kawunsa a bakin ruwa, kawun kuma yana amsa waya.

Mutane na zaton mai nutsewa zai yi ihu ya ɗaga hannu. Yawanci ba ya iyawa. Bakinsa na fitowa yana komawa, ɗan lokacin da ya samu na jan numfashi ne kawai. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai ya karkata baya, hannuwa na danna ruwan ta gefe, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya nutse. A cikin hayaniyar yara goma da kiɗa, wa zai lura da wanda ya yi shiru? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kwata ɗinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. A Amurka babu abin da ya kai nutsewa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma galibi a kwamin gida ne.

Shi ya sa nake ganin ainihin adadin ya dogara ne da manyan da suka iya ruwa kuma suka yarda su bar hira. Wata yayata tana da tsarin da ya burge ni. Tana da usur mai jan igiya. Duk wanda ta rataya wa shi a wuya, ba waya, ba faranti, ba zama, sai bayan minti 15 ya cire ya rataya wa wani. Na ga wani ƙaninmu ya yi ƙorafi:

"Haba Yaya, ai ina ganinsu daga nan."

"Daga nan ba ka ganin ƙasan ruwa," in ji ta. "Tashi ka tsaya a baki, ka riƙa ƙirga kawuna."

Yaran ma kashi-kashi take sa su, ƙanana su shiga su fito kafin manya. Yaron da bai iya iyo ba kuwa, sai da babba a cikin ruwan, kusa yadda da ya miƙa hannu zai taɓa shi. Robobin iska da ake zura wa yara a damtse kayan wasa ne, suna sacewa, suna zamewa. Rigar ruwa ta gaskiya ce abin dogaro. Wanda zai shiga da suturar da ta rufe jiki ya nemi wadda aka yi don ninƙaya, domin atamfa ko jallabiya na naɗe ƙafa.

Shi kansa ruwan yana gajiya. Kowane jiki na shigowa da gumi da man shafawa da hoda, wasu yaran har da fitsari, kuma duk wannan yana cinye sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Jan ido da warin nan mai ƙarfi da ake cewa magani ne ya yi yawa, alama ce ta kulorin da ya haɗu da dauɗa. Injin tacewa na gida yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin ya zagaya da ruwan sau ɗaya, idan kuma aka ɗauke wuta ba a tada janareto ba, ya tsaya cak. Ruwan sai ya fara yin hazo. A garin Fall River na jihar Massachusetts, a watan Yunin 2011, gawar wata mata ta yi kwana biyu a ƙasan kwamin jama'a mutane na iyo a samanta, saboda ruwan ya gurɓace ba a hango ƙasa. Don haka idan ka tsaya a baki ba ka ga tayil ɗin gefen zurfi sarai ba, kowa ya fito, ko mutum uku ne a ciki. Yaro mai gudawa kada ya shiga sam, domin akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa fiye da mako guda a ruwa mai kulorin. Wayar lasifika da ta caji kuma a nisanta su da bakin ruwa saboda haɗarin wutar lantarki.

Lokacin da na fi tsoro shi ne bayan an ce a fito a ci abinci, ko an kira sallar magariba. Mai usur ya ajiye usur, kowa ya juya baya, ƙwallo na yawo a saman ruwa, ɗan shekara biyu ya hango ta. A kwashe kayan wasa daga ruwan, a ƙirga yara, a kulle ƙofar shingen idan akwai, in babu a bar mutum a wurin. Idan aka nemi yaro aka rasa, a fara duba ƙasan kwami kafin ɗaki ko bakin get, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Kafin a aika katin gayyata, a tabbata cikin baƙin akwai wanda ya koyi hura numfashi da danna ƙirji, irin horon da ƙungiyar Red Cross ke bayarwa, a kuma ajiye waya mai caji kusa don kiran lambar gaggawa ta 112.