Ƙararrawar Gobara a Manyan Kantuna da Masaukai

Yau maganarmu a kan gobara ce, amma ba ta bukka ko ta rumbu ba. Da yawa daga cikinku kuna da 'ya'ya da ƙanne waɗanda su ke aiki a birni, wani yaron kanti ne, wani mai gadi, wani yana shara a otal, sau da yawa kuwa a nan wurin aikin su ke kwana. Ku ma in kun je fatauci ko jinya a irin waɗannan gidaje ku ke sauka. Saboda haka ya kamata ku san abin da a ke kira ƙararrawar gobara, ku kuma san yadda a ke gane mai aiki da matacciya.

Abin da ya sa mu ma'aikatan lafiya mu ka sa baki a ciki shi ne, galibin waɗanda gobara ta ke kashewa hayaƙi ne ya ke gamawa da su tun wuta ba ta iso su ba. A cikin hayaƙi akwai wata iska mai dafi, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Jini yana kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar kirki sau 200 da wani abu. Mai barci kuwa hancinsa ba ya tashe shi, sai barcin ya ƙara nauyi, daga nan sai ya zarce. A shekarar 1980 wuta ta tashi a ƙasan wani babban otal, MGM Grand, a birnin Las Begas na Amurka. Mutum 85 su ka rasu, mafi yawansu kuwa suna can benaye na sama inda harshen wuta bai kai ba. Mu ma nan gida, a watan Maris 2016 wuta ta kama kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin dare, ta cinye dubban shaguna. Aikin ƙararrawa ke nan, ta ji abin da hancin mai barci bai ji ba, ta ta da shi da sauran lokaci.

To, ga yadda abin ya ke. In kun ɗaga kai za ku ga wani farin abu kamar murfin kwano manne da silin. Shi ne mai sansano hayaƙi. A cikinsa akwai ɗan haske, in hayaƙi ya shiga ya watsa hasken, sai ya aika da labari ta waya zuwa wani akwati da a kan kafa kusa da babbar ƙofa, akwatin kuma ya sa ƙararrawa ta yi ta kuka ko'ina cikin gidan, ya kuma nuna ɓangaren da wutar ta ke. A sama a ke sa shi domin hayaƙi mai zafi sama ya ke fara yi, ba a kuwa cusa shi a kusurwa ko jikin fanka. A madafa ba a sa irin wannan, don hayaƙin girki zai riƙa ruɗa shi, sai a sa mai jin zafi, wanda ba ya motsi sai zafin ɗakin ya kai wajen digiri 58. Sa'an nan a bakin kowace ƙofar fita akwai ɗan jan akwati, tsayinsa daga ƙasa kamar ƙafa 4 da rabi. Wanda ya fara ganin wuta, ko yaro ne, ya danna shi da ƙarfi, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Kafa waɗannan aikin wanda ya koya ne, ba na kowane mai gyaran lantarki ba. Lalle kuma a sa batir a cikin babban akwatin, wanda zai riƙe shi awa 24 in an ɗauke wuta, ya kuma iya kaɗa ƙararrawa minti 30 bayan haka. Ku da kanku kun san yadda a ke ɗauke wuta a ƙasar nan.

Amma ni a ganina kafawa ita ce mai sauƙi, dubawa ita ce inda a ke kasawa. Mai gida ya kashe kuɗi ya sa kaya, an zo an gani an yaba, shi ke nan ba wanda zai sake waiwayarsu. Batir ya mutu ba a sani ba. Ƙurar hunturu ta cika mai sansano hayaƙi, ko gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, sai ya riƙa kuka ba dalili, mutane su gaji, wani ya hau tsani ya ɗaure masa baki da leda, ko ya cire wayar ɗungum. Masu fenti ma su kan rufe shi, su gama aiki su tafi su bar shi a rufe. Gidan da a ka yi wa haka ya fi wanda ba shi da kome hatsari, gama mutanen ciki sun saki jiki suna tsammani akwai mai tashe su.

Ka'idar ita ce, kowane mako, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, a gwada jan akwati guda da ɗan mabuɗinsa, a kasa kunne ko an ji ƙarar har ɗaki na ƙarshe. Mako mai zuwa a gwada wani dabam, a rubuta a littafi. Kowane wata 6 gwani ya zo ya auna batir, ya share ƙura, ya fesa wa na silin hayaƙin gwaji. In sun kai kamar shekara 10, a sake sababbi.

In ɗanku ya zo gida, ku tambaye shi yaushe rabonsa da ya ji an gwada ƙararrawar wurin aikinsu. In ya ce bai taɓa ji ba, ya yi wa mai gidansa magana da ladabi. In ta yi kuka kuwa, kada ya tsaya kwashe kaya, kada ya shiga lif, ya bi matakala, ya sunkuya ƙasa-ƙasa in akwai hayaƙi, in ya fita ya buga 112 a kira 'yan kwana-kwana. Wanda duk a ka fitar daga cikin hayaƙi, ko yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti nan da nan. Ku duba ko muryarsa ta dishe, ko gashin hancinsa ya ƙone, ko yana tofar da majina baƙa, gama maƙogwaro ya kan kumbura bayan 'yan sa'o'i ya toshe numfashi.