Da Me Garuruwan Arewacin Nijar Suke Rayuwa?

Jihar Agadas ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabin ƙasar Nijar, amma mutanen da ke cikinta ba su kai na jihar Maraɗi ko Damagaram ko kusa ba. Garuruwanta a warwatse suke cikin hamada: Agadas a gindin duwatsun Abzin, Arlit kimanin kilomita 240 arewa da ita, Bilma da Fachi da Dirku can gabas a bayan rairayin Tenere. A Bilma shekara kan wuce ba a ga ruwan saman da zai jiƙa ƙasa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa da ke noma geron da zai ci. Kowannensu sai ya sami abin da zai miƙa wa na nesa kafin a ɗora tukunya, kuma wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren tattalin arzikin yankin gaba ɗaya.

Mafi daɗewa cikin abubuwan da suke miƙawa shi ne gishiri. A Kalala, kusa da Bilma, Barebari da Tubawa suna haƙa ramuka har su tarar da ruwan gishiri, su bar wa rana aikinta. Idan ɓawo ya taso a kan ruwan sai a fasa shi ya nutse, a yi ta maimaitawa har gishiri ya taru a ƙasan ramin. Mai kyan cikinsa, fari tas, shi ne beza na miya. Sauran kuma a kwaɓa shi da ƙasar gishiri, a zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, ya bushe ya zama kantu, wanda makiyaya ke saya don dabbobinsu.

Yadda gishirin ke barin Bilma shi ne abin da ya fi dacewa Bahaushe ya sani, domin da shi ake yi. Idan damina ta wuce, wajen watan Oktoba, Buzayen Abzin kan haɗa ayari su ratsa Tenere, tafiyar kusan kilomita 600, madugu na gaba yana karanta taurari da tudun rairayi. Babu ciyawa a hanya, saboda haka raƙuma ne ke ɗauke da abincinsu, ana ajiye wani kaso a hanya don dawowa. Kayan da suke kaiwa gero ne, wanda aka noma a Damargu da sauran ƙasar Hausa, su musanya shi da gishiri da dabino. Bayan sun koma gida sun huta, sai su gangara kudu, zuwa kasuwannin Damagaram da Maraɗi har Kano, su yi rani a can. Raƙumansu na cin karan gonaki suna bar wa manomi taki, su kuma suna sayar da kantu suna sayen geron baɗi. A 1906 an ga ayarin da ya kai raƙuma 20,000. Yau manyan motoci sun karɓe yawancin kayan, farin shekarun 1970 da 1980 kuma ya kashe raƙuma da yawa, amma har yanzu ana fita ayari. A ganina wannan ita ce sana'ar da ta fi kowace adalci a yankin, domin mai ramin gishiri da mai raƙumi da mai gona kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Labarin Arlit daban ne. Kafin 1969 babu gari a wurin. Faransawa sun fara gano yuraniyom a Azelik a 1957, daga baya suka tarar da mai yawa a yammacin Abzin, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, ya soma aiki a 1978 a ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita 250, aka gina wa ma'aikatansa unguwar Akokan. Yuraniyom shi ne makamashin tashoshin nukiliya, kuma Faransa ta dogara da irin waɗannan tashoshi wajen samun mafi yawan wutar lantarkinta. Komai na Arlit saboda wannan aka yi shi. Asibitoci na kamfani ne, gidajen ma'aikata na kamfani ne. Kwal ɗin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, an fara ƙona shi ne don ba ma'adinan wuta. Kwaltar da ta taso daga Tawa ta bi Agadas ta kai Arlit, hanyar yuraniyom ake kiranta, domin ta nan aka riƙa jan kayan har tashar jirgin ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin. Albashin ma'aikata ya jawo 'yan kasuwa da masu sana'a daga kudu, Hausawa da Zabarmawa da sauransu, har wurin ya zama birnin mutum fiye da dubu ɗari.

Matsalar ita ce ba a Arlit ake yanke farashin yuraniyom ba, ba kuma a Yamai ba. Da haɗarin tashar Fukushima ya auku a Japan a 2011, farashi ya faɗi, babban aikin haƙar yuraniyom na Imuraren da aka ɗora wa buri ya tsaya kafin a fitar da ko kilo ɗaya. A ƙarshen watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe saboda ma'adinin da ke raminsa ya ƙare. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila waɗanda ba su da irin sallamar da ma'aikatan kamfani suka samu, ban da mai tuwo da tela da mai haya da ke ci daga aljihunsu. Abin da aka bar wa Akokan shi ne tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 mai ɗauke da tururin da ke cutar da jiki, a ƙasar da iska ke kaɗawa ba dare ba rana. Ruwan da aka yi shekaru ana wanke ma'adini da shi kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ruwa ne da ya taru tun zamanin da hamadar take da dausayi, kuma ruwan sama na yanzu ba ya mayar da shi. Wannan ya fi damuna a kan duk wata gardamar riba, domin ana iya sake ciniki a kan kuɗi, amma rijiyar da ta ƙafe a Abzin ta ƙafe ke nan.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kayan SOMAIR suka maƙale. A watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, kuma akwai dalili, ganin yadda aka yi fiye da shekara hamsin ana kwasar arzikin yankin alhali ƙauyukan da ke kewaye ba su da wuta. Sai dai mallakar ma'adini ba ta kawar da tambayar da Arlit ke fuskanta kullum: wa zai saya, a kan nawa, kuma ta wace hanya kayan za su fita?

Ita Agadas hanya ce jarinta tun zamanin sarakunan Abzin na farko. A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido suka cika ta, tseren motocin Paris zuwa Dakar na bi ta cikinta, maƙeran azurfa da dukawa da direbobi suka samu. Tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, sannan sace mutum bakwai a Arlit a 2010, suka kori baƙin. Lokacin da UNESCO ta sa tsohon garin da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 cikin kayan tarihin duniya a 2013, babu masu zuwa kallo. Direbobin da suka san hamada sai suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya. Kowace Litinin jerin motocin Hilux kan tashi zuwa Dirku, Agadas kuma na ci: masu masauki, masu jarkar ruwa, masu canji, masu rawani da tabarau. Dokar 2015 da ta haramta wannan jigila, wadda aka fara zartarwa a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai, ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma ɓoyayyun hanyoyi marasa rijiya, inda mutane suka yi ta mutuwa da ƙishirwa. An soke dokar a Nuwamban 2023.

Zinare ya shigo a 2014, da aka gano shi a Jado da kuma Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban samari suka kwarara, daga Nijar da Najeriya da Chadi da Sudan, da na'urar gano ƙarfe a hannu. Kaɗan sun yi arziki. Waɗanda suka fi tabbacin riba su ne masu kai ruwa da fetur da abinci, domin a wurin da babu rijiya ganga ɗaya ta ruwa dukiya ce. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, mahaƙa suka watsu zuwa wasu ramukan.

Akwai wata sana'ar da ba a cika zancenta ba, ita ce noman lambu a kwaruruwan Abzin. A Timiya ana samun lemo da rumman, a Tabelot kuma albasa da dankalin Turawa da tafarnuwa. Da raƙumi ko sa ne ke jan guga daga rijiya, yanzu injin ban ruwa ya yawaita. Albasar Abzin kan fito a lokacin da ta kudu ta yi ƙaranci, saboda haka tana da daraja har a kasuwannin Ghana da Kwaddebuwa. Kuɗinta kai tsaye yake shiga hannun iyalai, ba sai ya bi ta wani ofis ba. Abin da ke cin ribar manomin shi ne hanya. Kwaltar Tawa zuwa Arlit ta lalace ƙwarai a wurare da dama, mota kan kwana a tafiyar da ya kamata ta yi a yini, albasa kuwa ba ta jira. Tun 2006 dokar ma'adinai ta Nijar ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga haƙar ma'adini ga ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo shi, amma shugabanninsu sun daɗe suna kukan cewa kuɗin ba ya zuwa a kan lokaci. Da ana biyan wannan kaso yadda doka ta ce, a zuba shi a rijiyoyi da ƙananan madatsun ruwa da hanyoyin da ke haɗa kwaruruwan da Agadas, da mai lambun Tabelot ya kai albasarsa kasuwa kafin ta ruɓe.