Dutse Uku: Darasin lissafin da ke kwance cikin tsakuwa da ƙwallon gilashi

Sunan unguwar kansa ƙirga ne. Duk yaron da ya tashi a Dutse Uku, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ya iya furta lamba guda tun kafin ya taka ƙofar aji, domin da ita yake gaya wa direba inda zai sauka. Unguwa ce da ke jingine da irin duwatsun da suka sa Jos ta yi suna, tana maƙwabtaka da Nasarawa Gwom da Unguwar Rukuba. Gidaje na hawa tudu suna gangarowa, tsakuwa kuwa ba a sayen ta.

Sai dai furta sunan lamba daban, sanin abin da take nufi daban. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa, cikin yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙwarewar lissafi ta tushe. Abin da aka gwada su a kai ba wani mai zurfi ba ne: karanta lamba, gane wadda ta fi girma, tara ƙananan lambobi, da cike gurbin da aka bari a jeri. Yaro kan rera ɗaya zuwa ɗari da ka, amma a zube masa tsakuwa 17 a ce ya raba wa mutum uku ya faɗi ragowa, sai ya tsaya yana kallon malami.

Wannan giɓin ne ya sa ya dace a waiwayi wasu kayan wasa da ba a cika maganarsu ba a tarurrukan ilimi, wato na'urorin da ƙananan ƙwallayen gilashi ko na boris ke gangarowa a cikinsu, suna ƙirga kansu da kansu a gaban idon yaro.

Na'urar da ba ta jiran a kawo wuta

A tsakiyar shekarun 1960 wani kamfani a Amurka mai suna E.S.R. ya fitar da wani abin wasa da ya kira Digi-Comp II. Allo ne a karkace, ƙwallaye na gangarowa daga samansa suna ture wasu 'yan ƙyaure masu juyawa hagu da dama. Ba batir, ba waya, nauyin ƙwallon kaɗai ke aiki, amma allon yana tarawa, yana ɗebewa, yana ninkawa, har ma yana rabawa. A 2017 wani malami a jihar Minnesota, Paul Boswell, shi da matarsa Alyssa, suka sabunta wannan dabara da wani allo mai suna Turing Tumble, wanda yanzu ake amfani da shi a makarantu a ƙasashe da dama domin nuna wa yara yadda kwamfuta ke lissafi.

Sirrin abin bai fi ƙarfin kafinta ba. A ɗauka an kafa ƙyaure uku a jere a jikin katako, kowanne yana kwance ta hagu. Ƙwallon farko ya faɗo kan ƙyauren farko, ya juya shi dama, ya fice. Na biyu ya zo ya tarar da shi a dama, sai ya mayar da shi hagu, ya zarce zuwa ƙyaure na biyu ya juya shi dama. Haka abin ke tafiya: ƙyauren farko yana motsi da kowane ƙwallo, na biyu sai bayan ƙwallo biyu, na uku sai bayan huɗu. Idan aka rubuta 1 da 2 da 4 a jikinsu, yaro zai iya sanin yawan ƙwallayen da suka wuce ta hanyar tara lambobin waɗanda ke kwance a dama. Bayan ƙwallo biyar, na farko da na uku ne a dama, 1 da 4 ke nan. Ƙyaure uku suna ƙirgawa har 7, ƙwallo na takwas kuwa ya mayar da su duka hagu a sake sabon lale.

Abin da yaro ke gani a nan shi ne abin da ya fi wahalar da 'yan aji biyu da aji uku: dalilin da ya sa ake "riƙe ɗaya" a kai shi gida na gaba idan ana tarawa. A kan allon aji doka ce da ake haddacewa. A jikin katako kuwa yana kallon gidan farko ya cika, ƙwallo ya tsallaka gida na biyu, kuma zai iya tare shi da yatsa ya sake dubawa.

Kamfanin nan ya kuma yi wani wasa mai suna Dr. Nim, inda yaro ke karawa da na'urar roba. Ana jera ƙwallaye, kowa ya ɗebi ɗaya ko biyu ko uku idan zagayensa ya zo. Mai karatu zai iya gwada shi yau da tsakuwa 15, da sharaɗin wanda ya ɗauki ta ƙarshe shi ya ci. Duk wanda ya fara da ɗibar uku ya bar 12, sannan ya riƙa cike abin da abokin karawarsa ya ɗiba ya zama huɗu, zai bar 8, ya bar 4, ya kwashe ragowar. Yaron da aka cinye sau goma a jere ba ya haƙura sai ya gano dalili, kuma ranar da ya gano, ya san ninkin huɗu ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Abin da muke da shi tun kaka da kakanni

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga tsakuwa tana koyar da lissafi. Dara, wadda dattawa ke bugawa a gindin bishiya daga Sakkwato har Damagaram, gurabe 30 gare ta, biyar sau shida. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da dutse, kuma sai ka jera uku a layi kake cin ɗan abokin karawarka. Akwai kuma mai gidaje 12 da 'ya'ya 48, huɗu a kowane gida, wadda Yarbawa ke kira ayo, mutanen Ghana kuma oware. Gwanin wannan wasa yakan san gidan da ɗansa na ƙarshe zai faɗa tun kafin ya ɗebi na farko, wanda kuma ya yi kuskuren ƙirga, dara ta ci gida.

'Yan mata kuma suna da carafke. A cilla dutse sama, a ɗebi na ƙasa ɗaya-ɗaya kafin ya sauko, a zagaye na gaba a ɗebi biyu-biyu, sannan uku-uku. Wannan rarraba lamba ne rukuni-rukuni, tushen ninkawa da rabawa, ana yin sa a tsakar gida ana dariya.

Kasuwancin ƙasar Hausa ma da hannu aka ƙirga shi. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya ba da labarin yadda a 1851 ya ga wani ɗan kasuwa a Tasawa, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya ƙirga wuri 500,000 da taimakon mutum biyar ko shida, suna ja biyar-biyar suna tara su tsibi-tsibi na 200 ko 1,000. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Harshen kansa yana ɗauke da ɗebewa a cikinsa: Bahaushe kan ce ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, ya nufi 19 da 18.

Har yanzu malaman firamare kan umarci yara su zo da marafan kwalba ko tsinken tsintsiya domin ƙirga. Na'urar ƙwallo ɗori ce a kan wannan tsohuwar hanya. Abin da ta ƙara shi ne motsi, kuma yaron da ya iya haɗa motar kara ko ta gwangwani mai taya huɗu ba zai kasa gane yadda ƙyaure ke juyawa ba.

Unguwar da wasa ya rabu biyu

A Dutse Uku maganar wasan yara tana da wani nauyi na daban. A nan ne rikicin ranar Lahadi, 17 ga Janairu, 2010 ya faro, sakamakon taƙaddama kan sake gina wani gida da aka ƙona a rikicin Nuwamban 2008. Cikin 'yan kwanaki wutar ta bazu zuwa wasu sassan Jos da Bukuru da ƙauyukan kewaye, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka daga ɓangarorin biyu, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ba da umarnin tura sojoji.

Tun daga rikicin Satumban 2001 mazauna Jos suka fara ƙaura zuwa unguwannin da mabiya addininsu suka fi yawa, abin ya kuma ƙara tsananta bayan 2008 da 2010. Garin da haƙar kuza ta tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Ibo da Yarbawa a layi ɗaya ya koma unguwa-unguwa, kowa da inda ƙafarsa ke tsayawa. Waɗanda aka haifa a shekarar rikicin sun wuce shekarun firamare, kuma da yawansu sun girma ba su taɓa zama kan tabarma ɗaya da yaron tsallaken titi ba.

Babu mai cewa allon katako zai warware rikicin ƙasa da sarauta da siyasa. Amma wasannin nan duka na mutum biyu ne ko fiye. Sai an zauna gaba da gaba, an yarda da doka ɗaya, an jira zagaye, wanda aka cinye ya karɓi kaye ya nemi a sake. Kuma ba sa buƙatar harshe guda: mai jin Izere da mai jin Hausa duk sun san tsakuwa uku idan sun gan ta. Gasar dara ko ta tsakuwa 15 tsakanin makarantun unguwanni maƙwabta ba za ta ci ko kusa da abin da taron zaman lafiya na yini guda a otal ke ci ba.

Daga Sheda zuwa Kasuwar Katako

Doka ba ta hana ba, hasali ma ta yi umarni. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin firamare, ta kuma ce a koya wa ƙananan yara tushen lambobi da haruffa da launuka ta hanyar wasa. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa Hukumar UBEC kashi biyu cikin ɗari na kuɗin asusun Gwamnatin Tarayya, wani ɓangare daga ciki na kayan koyarwa ne, wani kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. An sha jin hukumar tana kokawa kan biliyoyin nairar da ke jibge saboda jihohi ba su cika wannan sharaɗi ba.

Cibiyoyin da za su yi aikin ma suna nan. Hukumar NERDC mai tsara manhaja da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa duk suna Sheda, cikin yankin Kwali na Babban Birnin Tarayya. Hukumar NASENI tana da cibiyoyin ƙera kayan kimiyya na makarantu a Minna da Enugu. A Filato akwai makarantun horar da malamai a Gindiri da Pankshin. Abin da ya rage shi ne a fitar da zane guda mai sauƙi, a gwada shi a 'yan ajujuwa, sannan a bar kafintocin gari su ƙera. Kasuwar Katako da ke Jos cike take da falanki da masu sarrafa shi, boris ɗin da ya gama aiki kuwa yana zube a garejin kowane bakanike. Kayan da aka yi a unguwa, a unguwa ake gyara shi. Wanda aka yo odarsa daga waje kuwa, ranar da ƙyaure ɗaya ya karye sai ya koma ado a ofishin shugaban makaranta.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai damuwa uku da bai kamata a raina ba. Ta farko ita ce lafiya. Ƙwallon gilashi na iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, shi ya sa ƙasashe da dama suka hana sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara uku. A gidan da ke da mai rarrafe, dole a rufe fuskar allon ko a ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa.

Ta biyu ita ce caca, kuma iyayen da ke tsoron ta suna da hujja. Pachinko na ƙasar Japan ya faro ne a matsayin wasan yara mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, daga baya ya rikiɗe ya zama babbar harkar caca. Bambancin shi ne, a na'urar ƙirga babu sa'a: ƙwallo biyar kullum 5 zai nuna. Aikin malami da iyaye ne su tabbatar ba a sa kuɗi a wasan ba.

Ta uku ita ce malamin kansa. Aji mai ɗalibai cunkushe ba zai amfana da allo guda ba idan ba a raba yaran rukuni-rukuni ba, kuma malamin da ba a nuna masa abin da zai tambaya ba zai bar su su yi ta sakin ƙwallo har a tashi. Tambayar ita ce darasin: kafin ka saki na shida, gaya mini wane ƙyaure zai motsa.

Masu riƙe da fayilolin kayan koyarwa a Abuja sun saba da jerin abubuwan da ake saye duk shekara, daga kujeru zuwa na'urorin da ke jiran wutar lantarki da intanet. Ƙara layi guda a wannan jeri, na falanki da ƙusa da 'yan ƙwallaye, ba zai girgiza kasafi ba. Kafin kuma a kai ga haka, duk ma'aikacin da ya koma gida da yamma zai iya tsintar tsakuwa 15 a ƙofar gidansa, ya kira ɗansa ɗan aji biyu, ya bar shi ya fara ɗiba.