Inuwa Kafin Ciyawa: Tsara Lambun Gida da Kula da Itatuwa a Ƙasar Hausa

Tsara lambun gida, wato raba filin da ya rage bayan gini tsakanin itatuwa da ciyawa da furanni da hanyar wucewa, aiki ne da yanayin ƙasa yake yanke wa iyaka tun kafin mai gida ya faɗi abin da ransa yake so. A Kano ruwan sama na shekara yakan kama tsakanin milimita 800 da 1,000, a Sakkwato da Maraɗi kuwa bai kai haka ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya biyo baya da busasshiyar iska, bazara kuma ta zo da zafin da yakan haura digiri 40. Don haka abin da ya kamata a fara lissafawa shi ne yawan ruwan da gida zai iya bayarwa a watan Afrilu, domin lambun da aka tsara bisa yalwar Agusta ba ya kaiwa damina ta gaba.

Wannan lissafi ya fi tsanani a kan shimfiɗar ciyawa, irin wadda ake gani a harabar otal-otal da manyan gidajen Abuja. A tsakiyar bazara ƙasa mai ciyawa takan yi asarar ruwa kimanin milimita 6 a yini ta hanyar tururi da numfashin ganye, kuma milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya, wanda ke nufin ciyawar da ta mamaye murabba'in mita 100 tana neman lita 600 kullum, wato jarka 24 masu cin lita 25. Gidan da yake sayen ruwa daga 'yan garuwa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, kuma ko mai rijiyar burtsatse ya kamata ya tuna cewa ruwan da yake ja daga ƙarƙashin ƙasa na unguwa ne baki ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a taƙaita ciyawa ga ɗan wurin da ake zama ko yara suke wasa, a zaɓi irin da ke jure fari kamar kiri-kiri, wadda take yaɗo a kan ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa, take kuma bushewa da rani ta sake tohowa da zarar ruwa ya sauka. Ana shayar da ita da sassafe, a ƙosar da ita sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafin kowace rana, saboda ruwan da ya ratsa ƙasa sosai shi ke jan saiwa zuwa zurfi. Wajen yanka kuwa ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda, domin askin ƙwal-kwabo yana buɗe ƙasa ga rana, ya kuma ba aya-aya damar mamaye wurin.

Bishiya ita ce ginshiƙin lambun gida a wannan yanki, kuma wurin da aka dasa ta ya fi irinta muhimmanci. Bangon yamma shi ne yake shan ranar la'asar, ya riƙe zafin ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare, don haka bishiyar da aka kafa a yamma ko kudu maso yammacin gini ta fi amfani fiye da wadda aka sa a ƙofar gida don ado kawai. Sai dai galibin filayen da ake yankawa a birane ƙafa 50 ne a faɗi da 100 a tsawo, kuma irin wannan fili ba ya ɗaukar kowace bishiya. Durumi da ceɗiya da gamji, waɗanda duk dangin ɓaure ne, suna da inuwa mai sanyi da ta sa suka zama wurin zaman dattawa a ƙofar fada da dandali, amma saiwoyinsu suna bin danshi har su fasa bututu da sokawe da harsashin katanga, don haka wurinsu fili ne mai faɗi. Bishiyar turare ma haka take, ga shan ruwa ga karyewar rassa idan iskar farkon damina ta taso. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga yankin Indiya ne, an shigo da shi Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, kuma ya karɓu ne saboda yana riƙe ganye da rani, yana kuma rayuwa a jigawa ba tare da wata hidima ba. Duk da haka shi da mangwaro suna buƙatar tazarar aƙalla mita 6 daga gini. Ƙaramin gida ya fi dacewa da gwaiba da lemun tsami da rumman da zogale, waɗanda suke kuma ciyar da iyali. Mai son mangwaro ya nemi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani, domin yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, alhali na ƙwallo yakan daɗe fiye da haka kuma ba a da tabbacin irin 'ya'yan da zai bayar.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, don dashen ya sami watanni biyu ko uku na ruwan sama kafin rani. Ana haƙa rami mai faɗin kusan santimita 60 ta kowane gefe, a ware ƙasar sama daban, a cakuɗa ta da takin gargajiya da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona ƙananan saiwoyi, yana kuma gayyato gara. Dole ne a yage ledar da aka reni dashen a ciki, a warware saiwar da ta nannaɗe, sannan a tabbatar wuyan bishiyar, wato mahaɗar jiki da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Binne wuya shi ne kuskuren da ya fi kashe dashe a ɓoye, domin ɓawon da aka halitta don ya sha iska yakan ruɓe a cikin danshi, bishiyar ta yi ta ramewa shekara da shekaru mai ita yana ɗora laifin a kan irin. Bayan dashe sai a yi mata kwari kewaye da gindi don tare ruwa, a kuma kange ta da ƙaya ko raga, saboda akuya ɗaya tana iya cinye aikin damina guda cikin 'yan mintoci.

Rani biyu na farko su ne jarrabawar dashe. Bokiti ɗaya ko biyu sau biyu a mako ya wadatar a yawancin ƙasa, jigawa kuma takan nemi ƙari, kuma ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk suna da amfani, saɓanin ruwan wanki mai bilic ko gishiri da yawa. Akwai tsohuwar dabara da ta cancanci a farfaɗo da ita, wato binne tulun ƙasa kusa da dashe har zuwa wuyansa a riƙa cika shi ana rufewa, ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali daidai inda saiwa take. Shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsu uku ko huɗu yana rage bushewar ƙasa ƙwarai, muddin an bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar.

Abin takaici shi ne yadda ake lalata manyan itatuwa da sunan gyara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan gaskiya ce a zahirinta: a shekarun farko ake zaɓar jiki ɗaya madaidaici, a riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan da waɗanda suke gogar juna, lokacin da raunin bai fi faɗin yatsa ba. Wannan ne ma tushen abin da manoman jihar Maraɗi suke kira sassaben zamani, inda tun daga shekarun 1980 suke barin toho ɗaya ko 'yan kaɗan mafi ƙarfi a kan kututture su cire sauran, har gonaki masu faɗin gaske suka sake cika da itatuwa. Saran kan bishiya gaba ɗaya da adda, wanda ake yawan yi wa dogon yaro, yana haifar da tarin rassa marasa ƙarfin mahaɗa da iska take fizgewa, yana kuma buɗe ƙofa ga ruɓa. Ba a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a shekara ɗaya. Babban reshe kuwa da zarto ake yanke shi a mataki uku: a fara tsaga shi ta ƙasa ɗan nesa da jiki, a yanke shi ta sama gaba da wannan tsagar don nauyinsa ya faɗi ba tare da ya yage ɓawo ba, sannan a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ne sabon ɓawo yake fitowa ya rufe raunin.

Wata cutar ta zamani ita ce malale tsakar gida da siminti ko tubalin shimfiɗa har jikin bishiya. Yawancin saiwoyin da ke shan ruwa da iska suna cikin santimita 60 na saman ƙasa ne, suna kuma bazuwa har su wuce iyakar inuwa, don haka bishiyar da aka shaƙe da siminti ko dai ta ƙanjame ko ta ɗaga daɓen ta fasa shi. A bar mata buɗaɗɗiyar ƙasa aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, sauran tsakar gidan kuma a yi amfani da tsakuwa ko yashi inda zai yiwu, don ruwan sama ya nutse maimakon ya bi kwata. Haka nan ƙona shara a gindin bishiya, da ɗaure mata waya ko igiyar shanya da ke nutsewa cikin ɓawo, duk suna yanke hanyar da abinci yake bi daga ganye zuwa saiwa. Kauci, wato tsiron da tsuntsaye suke kai irinsa kan rassa ya kafa saiwa cikin icen yana tsotsar ruwansa, ba ya mutuwa da tsinke ganyensa. Sai an yanke reshen da yake kai, ƙasa da inda ya kama da kimanin kamu ɗaya ko biyu, tun kafin ya yi 'ya'yan da za su yaɗu zuwa itatuwan maƙwabta.