Aikin Jakadanci Ba a Filin Jirgi Yake Farawa Ba

Da an ce jakada, abin da ke faɗo wa matashin Anguwan Rogo da ke Jos a rai shi ne baƙar mota mai tuta a goshi. Wannan ƙarshen tafiya ne, kuma kaɗan ke kaiwa can. Ainihin sana'ar ita ce zama tsakanin mutanen da ba sa ga maciji da juna har su yarda su sa hannu a takarda ɗaya, abin da Jos ta sha gani tun bayan rikicin Satumban 2001.

A 2013 wata ƙungiya mai hedikwata a Janiba, wadda aka fi sani da HD, ta fara haɗa wakilan Afizere da Anaguta da Birom da Fulani da Hausawa a teburin sulhu. Cikin masu shiga tsakanin akwai wata 'yar Kenya, Alice Nderitu, wadda ta dage sai an ba mata kujera a zaman. Daga Jos aikin ya kai ta Kudancin Kaduna, inda aka cimma yarjejeniyar Kafanchan a 2016. A shekarar 2020 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya naɗa Nderitu mai ba shi shawara kan hana kisan ƙare-dangi. Ke nan zaman da wasu suka ɗauka shan shayi ne a otal, shi ya zama mata tsani.

Filato ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Janar Joseph Garba na Langtang ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1975 zuwa 1978, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, daga baya ya dawo ya jagoranci cibiyar nazarin manufofi ta Kuru. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande kuwa ta Kurun ya bi kafin ya hau kujerar shugabancin Babban Zauren a 2019.

To, me ake nema a wurin mai sha'awa? Digiri dai dole ne, kuma Jami'ar Jos da ke maƙwabtaka da unguwar tana da cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya. Sai Faransanci ko Larabci bayan Turanci. Amma inda matasanmu suka fi faɗuwa shi ne rubutu da lissafi. A irin wannan aiki, shugaban ƙungiya mai zaman kanta ya fi ɓata lokaci kan rubuta takardar neman tallafi, da haɗa rasit, da amsa tambayoyin masu binciken kuɗi, fiye da tsayawa gaban kyamara. Wanda ya iya lallashin matasa amma ya kasa bayanin inda naira dubu hamsin ta shiga, ba a sake ba shi ko sisi.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: yawancin guraben irin waɗannan ƙungiyoyi na kwantiragi ne, iyakarsu iyakar tallafin. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, ayyuka da dama a Najeriya sun tsaya cik, ma'aikatansu suka koma gida ba fansho.