Taswira Mai Nuna Waɗanda Aka Manta

A 1984 Amurka ta kafa dokar tallafa wa waɗanda masu laifi suka cuta. Kuɗin asusun daga tarar da kotunan tarayya ke cin masu laifi yake fitowa, ba daga haraji ba. Amma wani binciken gwamnati na shekarun 1993 zuwa 2009 ya nuna cewa cikin mutum goma da aka yi wa mummunan rauni, fashi ko fyaɗe, da ƙyar ɗaya ke samun taimakon ofisoshin agaji.

To, ina sauran tara?

A 2003 ma'aikatar shari'arsu ta fitar da littafin jagora kan amfani da taswirar kwamfuta. Ana ɗigo a duk inda aka kai rahoton laifi, a aza wuraren mafaka, asibitoci da hanyoyin bas a kai. Nan take sai a ga unguwar da ɗigo ya yi yawa, mafaka kuwa babu. Can ya kamata kuɗin ya nufa.

Abin da ke damunmu shi ne matar da tsoro ko kunya ya hana ta zuwa wurin 'yan sanda. Ita ba ta da ɗigo. Sau da yawa maƙwabta da masu ziyarar gida-gida ne kaɗai suka san ƙofarta.